Aikin Sa Kai a Birtaniya: Wace Biza Ce Ta Dace?

TAMBAYA: Malam, wata ƙungiyar agaji a Ingila ta gayyace ni aikin sa kai na wata takwas, ba albashi. Bizar yawon buɗe ido za ta wadatar? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, ba za ta wadatar ba. Mai bizar ziyara kwana 30 kacal aka yarje masa ya taimaka wa ƙungiyar agaji mai rajista. Taki ita ce bizar ma'aikacin agaji, wadda ba ta wuce wata 12.

Matakin farko, ƙungiyar ta kasance tana da lasisin ɗaukar nauyin baƙi daga gwamnatin Birtaniya, ta ba ki lambar takardar ɗaukar nauyi. Wasiƙar gayyata kaɗai ba ta isa ba. Duba sunanta a jerin masu lasisi a shafin gwamnati kafin ki kashe ko sisi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kuɗin banki. Ana son fam 1,270 su kwana 28 a jere a asusunki. Idan suka ragu ko da rana ɗaya ce, an ƙi ba ki bizar, sai fa in ƙungiyar ta rubuta a takardar ɗaukar nauyin cewa ta ɗauki nauyin kuɗin zamanki. Tunda zamanki ya haura wata shida, sai kin yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kin kuma biya kuɗin kiwon lafiya. Kina iya nema wata uku kafin ranar fara aiki.