Tambaya da Amsa: Karena yana jan igiya, wane abin wuya zan saya masa?

Tambaya: Ina da karen gadi ɗan wata bakwai, irin dogayen nan masu siririn kai. In na fita da shi yana ja na kamar zai tsinke igiya, wani lokaci kuma ya ja da baya ya zare kansa daga abin wuyan. Maƙwabcina ya ce in sayi sarƙar zarge, na kuma ga ana tallar mai lantarki a Facebook. Wanne ya fi? Daga mai karatu a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Malam, bar su duka biyun. Zare kai laifin abin wuya ne, jan igiya kuwa horo ne bai samu ba.

Karnuka masu jinin Azawak, wato dogayen nan masu siririn kai irin naka, da akasarin na farauta, kansu bai fi wuyansu kauri sosai ba, shi ya sa abin wuya ke sulluɓewa ta kan kunnuwa. Wanda ya dace da su shi ne martingal, mai madauki biyu. Babban madauki yana zagaye wuya, da ƙawanyar ƙarfe a kowane bakinsa. Ƙaramin ya ratsa ta cikin ƙawanyun nan biyu, a jikinsa ake maƙala igiya. In kare ya ja, babban zai tsuke daidai yadda kai ba zai fita ba, ya tsaya nan bai shaƙe shi ba. Wajen gyara shi, kai shi bayan kunnuwa inda wuya ya fi siranta, ka ja ƙaramin madauki. In ƙawanyun sun taɓa juna ya yi yawa, rage shi har a sami ratar yatsa biyu tsakaninsu.

In babu a kasuwa, baduku zai ɗinka maka. Faɗinsa ya kai santimita 3 zuwa 4, don mai faɗi yana raba nauyi, siriri kuwa yanka yake yi. A yi shi da fatar saniya ko igiyar nailan mai faɗi irin ta jaka. Fatar jar akuyar Maraɗi, duk da sunan da ta yi, ba ta da kaurin wannan aiki, sai dai a shimfiɗa ta daga ciki don laushi. Ƙawanyar kuma a tabbatar an yi mata walda, don wadda aka lanƙwasa kawai takan buɗe. Wannan abin wuya na fita ne kaɗai. Da kun dawo ka cire, kada madaukin ya maƙale a ƙusa ko waya ya rataye shi, kuma ba a ɗaure kare a turke da shi.

Na zaman gida, mai maɓalli irin na bel ya isa, muddin yatsunka biyu na shiga tsakaninsa da wuya. Duba shi duk mako tunda karen yana girma. Wanda aka manta da shi yakan nutse cikin nama, gyambo ya buɗe, ƙuda su yi tsutsa a ciki. Nan ne kuma kaska ke ɓuya.

Sarƙar zarge ba ta da inda take tsayawa, iyakar jansa iyakar shaƙarta. Tana danne maƙogwaro, ta bar shi da tari. Kare da haki yake rage zafin jiki, to ka ƙaddara bazarar Maraɗi, zafi ya haura digiri 40, ƙarfe ya ɗau rana, ga numfashi a matse. Mai lantarki, wanda ke jan kare da wutar lantarki a wuya, ya fi haɗari: kare yakan ɗora zafin da ya ji a kan abin da idonsa ke kallo lokacin. In yaro ne ke wucewa, ka koya wa karen gadi tsanar yara. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010.

Ga horon. Nemi igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Da zarar ta miƙe, tsaya cak, kada ka fizga, kada ka yi tsawa. In ya waiwayo igiyar ta saki, yaba masa, ba shi ɗan dafaffen nama kamar ƙwayar gyaɗa, ku ci gaba. Ban da kilishi, saboda yaji da albasa, albasa kuwa tana lalata jinin kare. Minti biyar zuwa goma, safe da yamma, a tsakar gida tukuna kafin titi. Kafin ku fita ɗora bayan hannunka a kan yashi, in ya ƙona ka zai ƙona tafinsa. Abin da ya fi ɓata horon shi ne kai ka tsaya, yaran gida kuma su bi shi a guje duk inda ya ja su. In ya fi ƙarfin mai riƙe shi, a sa masa ɗaurin ƙirji mai ƙawanya ta gaba, wanda ke juyo shi gefe in ya ja.

Tambaya: Daga wata nawa ake sa wa ɗan kwikwiyo abin wuya? Daga wata mai karatu a Tibiri.

Amsa: Malama, daga wata biyu, marar nauyi, na ƴan mintoci, lokacin cin abinci ko wasa. Zai yi ta susa kwanakin farko, kada ki cire sai ya natsu. Fita titi kuwa ki jinkirta sai likitan dabbobi ya gama masa alluran rigakafi, har da ta haukan kare da ake yi a wata uku.