Fanni Ɗaya Zan Riƙe, Ko In Ci Gaba Da Taɓa Ko'ina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta kimiyyar kwamfuta, yanzu ina aiki a wata makarantar kuɗi, inda ni ne mai gyaran kwamfutoci, ni ne mai haɗa intanet, ni ne kuma mai kula da shafin makarantar. Abokaina sun ce in zaɓi fanni ɗaya in ƙware, in ba haka ba zan tsufa ina gyaran firinta. Mece ce shawararku? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, maganar abokanka tana kan hanya, sai dai kada ka raina aikin da ke hannunka. Wanda ya taɓa bin waya tun daga rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, har ɗakin jarrabawa yana neman inda ta tsinke, ko ya ga yadda ɗaukewar wuta ke lalata bayanan da ba a yi musu ajiya ta biyu ba, ya san abin da babu littafin da zai koya masa, kuma a kan irin wannan sani ake ɗora ƙwarewa.

Amma zama a nan har abada asara ce, domin bankuna da kamfanonin sadarwa da masu ɗaukar ma'aikata daga ƙetare gwanin abu ɗaya suke nema, shi kuma suke biya da tsoka. Abin lura shi ne inda za ka zurfafa. Ka riƙi tushe, kamar haɗa na'urori, ko tsaron intanet, ko rumbun bayanai, kada ka ɗaure kanka ga kayan kamfani ɗaya. Waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a kan manhajar Flash, wadda a da ake nuna bidiyo da wasanni da ita a shafukan intanet, sun ji a jikinsu da kamfanin Adobe ya daina tallafa mata a ƙarshen 2020. A nan gida kuwa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buɗe wata ƙofar aiki da har yanzu ba ta cika da mutane ba.

Tunda ka riga ka saba da wayoyi da rauta, ni a ganina ka fara da takardar shaidar CCNA ta kamfanin Cisco, wato shaidar ƙwarewa a haɗa na'urori, daga nan tsaron intanet zai zo maka da sauƙi. Ka dai sani cewa da dala ake biyan kuɗin jarrabawar, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta takardar, saboda haka kada ka biya sai ka tabbatar fannin ya kwanta maka a rai.