Idan Gwaggo Ta Zo Ɗaukar Yaro da Faɗa

Malama, kin ce gwaggon wani yaro kan zo gidan renonku nan Maradi da hayaniya, sai an ba ta shi, alhali ba sunanta a takardar masu ɗauka. Kada ki biye mata gaban yara. Ki ce "Hajiya, bismilla ciki", ki ba ta kujera da ruwa, ki kira wanda ya sa hannu ranar rajista, tana ji. In bai ɗauki wayar ba, yaro ya zauna. Ki rubuta rana, lokaci da abin da ta faɗa.

Inda ake kuskure shi ne sakin yaro don kunyar babba, ko tsoma baki a rikicin saki. In iyayen sun rabu suna jayayya, ku nemi takardar alƙali. In gwaggon ta yi barazana, shugabar gidan ta sanar da 'yan sanda.