Ta ina zan fara neman asalin gidanmu a Zariya?

Malam, ka tambaya ko maƙabarta za ta nuna maka kakanninka. Da wuya, domin yawancin kaburburanmu ba suna a kansu. Sai dai ka tafi da dattijon da ya san makwancin kowa, ku yi musu addu'a.

Fara da gwaggo ko kaka. Kai mata tsofaffin hotuna, ka ɗauki muryarta a waya, ka bar ta ta yi ta zuba. Don Allah kar ka jinkirta, ni na yi ta "gobe" har tamu ta rasu. Duba bayan hotuna da takardun ajami na cikin adaka. In kakanka ya yi aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna.