Jarabar waya da ta ƙwaya, duk ɗaya ne?

Tambaya: Malam, ƙanena ɗan shekara 17 ba ya ajiye waya, sai ya raba dare yana kallon TikTok. Idan aka ƙwace, sai ya tayar da hankalin kowa a gidan. Mahaifiyarmu ta ce ba shi da maraba da ɗan ƙwaya. Haka ne?

Amsa: Malama, Mama tana da gaskiyarta, amma ba duka ba.

A ƙwaƙwalwa suka yi kama. Akwai sinadarin dofamin da ke sa mutum ɗokin abin da ke tafe, kuma masu ƙera manhajoji sun san da zamansa. Ki lura da yatsansa: ya ture bidiyo biyu marasa daɗi, na uku ya sa shi dariya, sai ya ce bari ya ga na huɗu. Rashin sanin abin da zai fito shi ke riƙe shi, kamar yadda yake riƙe ɗan caca. Shafin nan da ba ya ƙarewa ma da gangan aka yi shi. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shi a 2006, daga baya ya fito ya ce ya yi da-na-sani.

A jiki kuwa sun rabu. Wanda ya daɗe yana shan tiramadol ko kodin, in ya daina farat ɗaya, sai gumi da amai da ciwon gaɓɓai. Waya ba ta yin haka. In aka raba yaron da ita, zai yi fushi, ya rasa sukuni na ɗan lokaci, ya wuce. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtuka a 2019 shi ne jarabar wasannin bidiyo, ba waya ba, shi ma sai mutum ya kasa dainawa, ya fifita wasan a kan komai, yana ganin illa yana ci gaba, galibi har tsawon shekara guda.

Don haka kada ku tsaya ƙirga awanni. Ku duba barcinsa da karatunsa. Ni dai ban cika son ƙwace waya ba, ɓoyewa kawai take koya wa yaro. Ku zauna da shi ku buɗe Digital Wellbeing idan Android ce, ko Screen Time a iPhone, wato sashen wayar da ke nuna awannin da aka yi a kanta, ya ga lokacin da ya ɓata da idonsa, ya sa wa kansa iyaka. A kashe sanarwar manhajar, wayar kuma ta riƙa kwana a falo, har taki. Idan kuka ga ya daina cin abinci ko yana gudun mutane, a kai shi ga likita, domin sau da yawa damuwa ce ke ɓuya a bayan wayar.