Wane talabijin ne ya dace da tsofaffin na'urorin wasan bidiyo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na fito da na'urorin wasana da suka daɗe a ajiye, wato Sega Mega Drive, da PlayStation ta farko, da NES ta kamfanin Nintendo har da bindigar wasanta, na jona su da sabon talabijin na bango mai 4K ta wani ɗan akwati mai mayar da tsohuwar waya zuwa HDMI. Hoton ya fito dishi-dishi, mutanen cikin wasa sun yi faɗi kamar an danne su, idan na danna tsalle sai an ɗan jima ake yin sa, bindigar kuwa ko sau ɗaya ba ta sami komai ba. Na'urorin ne suka tsufa, ko talabijin zan sake? Idan talabijin ne, wane iri zan nema?

Amsa: Barka kadai. Bisa abin da ka bayyana, na'urorinka lafiyarsu ƙalau, matsalar tana tsakanin ɗan akwatin nan da talabijin ɗin, kuma tushenta guda ne: waɗannan na'urori an ƙera su ne domin tsohon talabijin mai doro, wanda ake kira CRT, ba domin allon zamani ba.

Talabijin mai doro ba shi da ƙayyadaddun ɗigo-ɗigo. Tsinken lantarki ne ke sharar gilashin daga ciki, daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, yana zana hoton a daidai lokacin da saƙon ke shigowa. Gidajen talabijin sun saba aiko da hoto a kashi biyu, layukan mara a zagaye ɗaya, na cika a zagaye na gaba. Na'urorin wasa kuwa, tun daga Famicom, wato NES ta Japan, da ta fito a 1983 har zuwa akasarin wasannin PlayStation ta 1994, dabara suke yi: suna maimaita layuka kusan 240 a wuri ɗaya kowane zagaye, su bar tsakaninsu da duhu. Wannan shi ake kira 240p, kuma siraran layukan duhun da kake tunawa daga nan suka samo asali. Talabijin ɗinka na yanzu yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, don haka dole a yi wa ƙaramin hoton lissafi kafin ya cika allon. Akasarin ƙananan akwatunan juya waya, da talabijin na zamani da yawa, ba su san 240p ba, suna ɗaukarsa a matsayin hoton gidan talabijin mai kashi biyu, sai su tsaya jiran ɗaya rabin domin su haɗa. Daga nan dishi-dishin ya zo. Kana iya gwadawa da kanka: ka bari abokin gaba ya taɓa ɗan wasanka ya fara ƙiftawa, za ka ga ko dai ya ɓace gaba ɗaya, ko ya koma zane-zane kamar haƙoran mataji.

Jiran nan shi ne kuma ya haifar da jinkirin tsalle. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana ba kowane hoto kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, kuma idan akwati da talabijin suka haɗu suka riƙe hoto uku ko huɗu, mai kallon fim ba zai ji komai ba, amma mai tsallake rami zai yi ta faɗawa yana zargin yatsunsa. Bindigar NES ta fi kowa rashin haƙuri: da zarar ka ja kunama, allon yana yin baƙi na hoto ɗaya, sannan farin murabba'i ya bayyana a gurbin abin harbi, idon da ke cikin bindigar yana jiran hasken a wannan ƙiftawar ido kawai. Idan hasken ya makara, harbi ya kuskure, kuma babu wani saiti da zai gyara wannan.

Saboda haka, tunda kana da bindiga, shawarata ita ce ka nemi talabijin mai doro na gama-gari, mai fuska 4:3, wato faɗi kashi huɗu tsayi kashi uku, inci 20 ko 21 idan a kusa za ka zauna. Na inci 29 yana da daɗin kallo, sai dai nauyinsa yakan haura kilo 40, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa cikin sauƙi. Ba kowane mai doro ne zai yi maka ba: waɗanda aka rubuta wa 100 Hz, wato masu zana allo sau 100 a daƙiƙa, da masu faffaɗar fuska na HD da aka yi a ƙarshen zamanin CRT, su ma suna sarrafa hoto kafin su nuna, suna kawo jinkiri, bindigar kuma ba ta aiki da su.

Kafin ka dubi gaban talabijin, ka leƙa bayansa. Mafi rauni shi ne ramin eriya. Sai waya mai kai uku, rawaya da fari da ja, wadda ke cusa haske da launi a hanya ɗaya. Sama da ita akwai S-Video mai raba su, sannan waya mai kai kore da shuɗi da ja, da kuma RGB, mai aika ja da kore da shuɗi kowanne a hanyarsa, ta babban ramin SCART da aka fi samu a talabijin na Turai. NES da ba a yi mata gyara ba eriya da wayar rawaya kawai take da su, Mega Drive tana fitar da RGB amma ba ta da S-Video, PlayStation kuwa tana ba da rawaya da S-Video da RGB duka. Ni dai ba na raina wayar rawaya kamar yadda wasu masu sha'awa ke yi, domin masu zanen Mega Drive sun dogara da ɗan cakuɗa launin da take yi. Ruwan da ke zubowa a wasan Sonic na 1991 siraran layuka ne a tsaye, waɗanda wayar rawaya ke narkarwa su zama ruwa mai shara-shara, alhali a RGB layukan ne za ka gani ƙuru-ƙuru.

Ka duba kuma ko na'urorinka na tsarin PAL ne na Turai mai 50 Hz, ko NTSC na Amurka da Japan mai 60 Hz. Idan suka saɓa da talabijin, hoton zai fito baƙi da fari ko ya riƙa gungurawa, don haka wanda ke karɓar tsarin biyu ya fi kwanciyar hankali.

Za ka ji ana yabon Sony Trinitron da allunan PVM da aka yi domin ɗakunan shirya bidiyo, kuma sun cancanci yabon, amma a kayan da suka shekara ashirin ko talatin lafiyar bututun gilashin da ke nuna hoton ta fi sunan kamfani muhimmanci. Ka tafi da na'urarka ka jona, ka bar shi a kunne kamar minti ashirin. Ka dubi rubutun da ke kusurwa ko yana fitar da gefen ja ko shuɗi, ka dubi layukan da ya kamata su miƙe ko sun lanƙwashe, ka tabbata fari fari ne, kuma babu inuwar tsohon tambari da ta ƙone a gilashi. Tabon launi a gefe ɗaya sau da yawa maganaɗisun lasifikar da aka ajiye kusa ne ya jawo shi, kuma yakan tafi idan an matsar da ita aka kashe talabijin na ɗan lokaci aka sake kunnawa. Kada ka kwance murfin baya ko da ka zare wuta, domin bututun yana aiki da ƙarfin lantarki sama da bolt 20,000 kuma yana iya riƙe caji. Wannan aikin mai gyara ne.

Idan ba ka da wurin ajiye mai doro, ka riƙe talabijin ɗinka, ka sauya akwatin da wanda aka ƙera musamman domin 240p, irin su RetroTINK ko OSSC, sai dai OSSC ba ta karɓar wayar rawaya, don haka NES ɗinka ba za ta shiga ta kai tsaye ba. Ka kunna tsarin wasa a saitunan talabijin, ka kashe duk abin da ke santsin motsi ko ƙara kaifi, ka mayar da fuska 4:3 domin mutanen su daina faɗi. A nan 4K yana da wata fa'ida: 240 yana shiga 2160 sau 9 cif, alhali a allo mai ɗigo 1080 a tsaye sau huɗu da rabi yake shiga, rabin nan kuwa shi ke sa wasu layuka su fi wasu kauri. Da wannan shiri Mega Drive da PlayStation za su yi kyau ƙwarai, bindigar ce kawai za ta ci gaba da zama a ajiye har ranar da ka sami mai doro.