Kwamfutocin shagona sun daina ganin juna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Samaru, Zariya. Tun da na sa Windows 11 a babbar kwamfuta, tsohuwar mai Windows XP ta kasa buɗe fayilolinta, injin fotokwafi ma ya daina aika mata takardun da ya ɗauka. Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kayanka lafiyarsu ƙalau. Tsohuwar ƙa'idar musayar fayil mai suna SMB1 ce babu a sabuwar kwamfutar, XP kuwa ba ta jin wani yare sai ita. Microsoft ya daina girka ta tun 2017, shekarar da cutar WannaCry ta bi ta kafarta ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila.

Mai gyara zai iya mayar maka da ita cikin minti biyar, amma ban ba ka shawarar haka ba, musamman a shagon da ɗalibai suke jona kwamfutocinsu lokacin buga furojet. Gara ka sallami XP, domin sabuwar ƙa'idar, wato SMB2, daga Windows Vista da ta biyo bayan XP ta fara. Firinta kuwa, ka haɗa kowace kwamfuta da ita kai tsaye ta lambar IP, wato adireshin firintar a kan netiwok. Injin fotokwafin a sabunta masa manhaja, in ya ƙi, ya riƙa aikawa ta imel.